Babi na Shida: Karen da ke Ɗauko Sanda

Kare iri biyu ne a ƙasar Mada ta Zamfara, kuma duk yaron da ya tashi tsakanin Wonaka da Kwatarkwashi ya san bambancinsu tun bai iya ɗaure wando ba. Akwai karen gari, wanda ba shi da suna ba shi da ubangida. A bola yake kwana, a bayan rumfar mahauta yake wuni, in ya ga mutum ya sunkuya sai ya ruga, don ya san dutse za a ɗauka. Akwai kuma karen mafarauci. Wannan yana da suna, yana da kaskon cin abincinsa, wani ma har laya ake rataya masa a wuya. Ya san fiton maigidansa ko da mutum goma ke fito. In an tura shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya, in ya kama zomo ya riƙe har mai shi ya iso. A zamanin da daji ke shiguwa, kafin 'yan bindiga su raba mutane da shi, da an gama girbi za ka ga ayarin mafarauta sun fita da asuba, karnuka na gaba su suna baya, ba wanda ke kallon abin da mamaki.

Ba a haifi karen nan da wannan ladabi ba. Wani ne ya zauna ya koya masa, tun yana ɗan kwikwiyo, yau kaɗan gobe kaɗan. Mutumin da ya iya wannan ya riga ya san gindin wata sana'a da ake kashe mata dubban daloli a Amurka da Turai, wato horar da kare ya zama hannu da ƙafa ga mutumin da nasa suka gaza.

Masu irin wannan buƙata ba sai an tafi nesa nemansu ba. Akwai waɗanda shan-inna ta shanye wa ƙafafu tun suna goye. An tabbatar a watan Agusta na 2020 cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan tare da mu, yau magidanta ne da matan aure. Akwai waɗanda haɗarin mota ko na babur a hanyar Gusau zuwa Funtuwa ya taɓa wa laka. Akwai dattawan da hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki. Akwai yaran Anka da Bukkuyum da suka tsira daga gubar dalma ta 2010, wadda ta kashe yara sama da 400, amma suka tashi da lalurar da ba ta warkewa. Sannan ga sabon rukuni da shekarun nan suka haifar, waɗanda harsashi ya raba da ƙafa ko hannu a gona, ko a kan hanyar kasuwa.

Mai lafiya yakan ɗauka cewa babbar wahalar gurgu ita ce tafiya mai nisa. Ka zauna da su ka ji. Abin da ya fi ci musu rai ƙananan abubuwa ne masu maimaituwa: sanda ta zame ta faɗi nesa da tabarma, waya ta suɓuce ta shige ƙarƙashin keke, iska ta turo ƙyaure, buta tana can bakin rijiya ga shi an kira salla. Kowane ɗaya sai an kira wani. Da safe a kira da murmushi, da rana a kira da ban-haƙuri, da dare mutum ya gwammace ya haƙura da ƙishirwa da ya sake ta da matarsa. Kuma a gidajenmu wanda ake kira ɗin, galibi, yaro ne. Shi ne ɗan jagoran makaho, shi ke tura keken gurgu zuwa masallacin Juma'a da kasuwa. Sa'o'insa na aji ko gaban allo, shi yana bakin titi. Ni a wurina duk maganar kare mai taimako daga kan wannan yaro take farawa, domin naƙasar mutum ɗaya ce take cinye ƙuruciyar mutum na biyu.

Makafi aka fara horar wa da kare mai taimako. A 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, wani likita Bajamushe mai suna Gerhard Stalling ya buɗe makaranta a garin Oldenburg don horar da karnukan da za su yi wa sojojin da suka makance jagora. A 1929 Dorothy Eustis da wani matashi makaho, Morris Frank, suka kafa The Seeing Eye a Amurka. Ingila ta bi sahu a 1931, Afirka ta Kudu kuma a 1953, bayan da Gladys Evans ta komo daga Ingila da karyarta mai jagora ta kafa ƙungiya a Johannesburg. Shekaru kusan sittin ana wannan, ba a waiwayi wanda idonsa garau amma jikinsa ya ƙi ba.

Wadda ta waiwaye shi wata malamar makaranta ce Ba'amurkiya, Bonnie Bergin, kuma inda ta samo dabarar ya kamata ya tsaya wa Bahaushe a rai. Ta yi koyarwa a Ostareliya da Turkiyya, ta ratsa ƙasashen Asiya, a can ta riƙa ganin naƙasassu talakawa suna harkokinsu tare da jakuna: mutum ya jingina da jakinsa, jakin na ɗauke da hajarsa, ya je ya sayar ya komo ba tare da ya roƙi kowa ba. A ƙasarta kuwa, mai arziki da asibitoci, irin waɗannan mutane suna zaune a gidajen jinya ana yi musu komai. Da ta koma gida ta ga jaki ba zai shiga benayen Kalifoniya ba, sai tunaninta ya faɗa kan kare. Masana harkar karnuka na lokacin suka ce mata ba zai yiwu ba. Ta ɗauki kare ɗaya, ta haɗu da wata budurwa mai ciwon shanyewar tsoka da ke zaune a keke, su biyu suka yi ta gwaji har karen ya iya ɗauko abin da ya faɗi da kunna fitila. A 1975 ta kafa Canine Companions for Independence a garin Santa Rosa. Daga wannan ƙungiya abin ya bazu, har a 1986 makarantu irinta suka haɗu suka kafa Assistance Dogs International don a daidaita ƙa'idojin aiki.

Yadda suke yi

Aikin tun kafin haihuwa yake farawa. Manyan makarantun su ke kiwon iyayen da kansu, suna duba lafiyar ƙugu da gwiwa da ido, suna duba hali. Mafi yawa Labrador ne ko Golden Retriever, ko ruwa-biyun da ke tsakaninsu. Su ma asalinsu karnukan farauta ne: Turawan Ingila sun yi zuriya bayan zuriya suna zaɓen karen da zai ɗauko tsuntsun da aka harbo ya kawo shi ba tare da ya tauna ba. Son ɗauko abu yana cikin jininsu, mai horo gyara shi kawai yake yi.

In kwikwiyo ya kai mako takwas sai a miƙa shi ga wani gida na 'yan sa-kai, su riƙe shi kamar shekara ɗaya da rabi. Ba wata dabara ake so su koya masa ba illa zama da mutane. Su shiga da shi kasuwa, su hau mota da shi, ya ji ƙarar jiniya da kukan jariri, ya ga mai sanda da mai keke da mai rawani, har ya zama ba abin da ke firgita shi. Dalilin gaggawar sananne ne. Binciken da John Paul Scott da John Fuller suka shafe fiye da shekara goma suna yi a Bar Harbor, suka fitar da sakamakonsa a 1965, ya nuna cewa daga mako na uku zuwa wajen na goma sha biyu ne kwikwiyo ke yanke wa kansa hukunci a kan ɗan Adam, ko aboki ne ko abin gudu. Abin da ya wuce shi a waɗannan makonni da wuya a cike masa shi daga baya. A nan ne karen garinmu ya yi asara. Ba wayo ya rasa ba, dutse ya fara sani kafin hannu.

Daga gidan riƙo sai a mayar da shi makaranta, ƙwararru su karɓe shi wata shida zuwa tara. A nan yake koyon umarni sama da arba'in. Ɗauki misalin ɗauko mabuɗi. Kare ba ya son ƙarfe a bakinsa, saboda haka ba a farawa da shi. Da sandar katako ake farawa: in ya dube ta a ba shi lomar abinci, in ya taɓa ta da hanci a ba shi, in ya buɗe baki ya kama a ba shi. Sai a daina biya har sai ya riƙe na ɗan lokaci, sannan har sai ya tako da ita, sannan har sai ya saka ta a tafin hannu, ba ya yar a ƙasa ba. Wannan mataki na ƙarshe shi ne komai, don abin da aka yar a gaban keke daidai yake da wanda ba a ɗauko ba. In katako ya zauna sai a koma roba, a koma cokali, a koma mabuɗi, har a kai ga kwabon da ke kwance a kan siminti. Sirrin duka yana ga lokaci. Dole ladan ya zo a daidai ƙiftawar da ya yi abin, in aka yi jinkiri ya riga ya juya kai, to juya kan aka saka wa.

Da haka ake gina sauran. A ɗaura igiya a ƙofa ya ja ta buɗe, ya tura ta da hanci ta rufe. Ya kama bakin safa ya zare ba tare da haƙorinsa ya taɓa yatsa ba. Ya miƙa kuɗi ga mai kanti ya karɓo leda. Ya ja keke a daɓe mai santsi. Ya yi haushi in an ce ya yi, ya yi shiru in an ce ya bari. Ya je ya kira wani a ɗaya ɗakin. Har fitsari da kashi sai an ba shi izini. Bahaushe ya ce in ka ga kare na shinshinar takalmi ɗauka zai yi. A can ɗaukar ake so, sai dai a koya masa wurin wanda zai kai.

Ba a duka. Ba don tausayi kaɗai ba, don aikin ne ba ya karɓar duka. Mun san gardawa masu wasa da kura da biri, mun san da takunkumi da sarƙa da kulki suke riƙe da su, kuma ranar da kulki ya faɗi wasa ya ƙare. Mutumin da za a ba karen nan wataƙila ba ya iya ɗaga hannunsa sama da cinya, wataƙila muryarsa ba ta fita sosai. Karen da tsoro ya ladabtar zai gane haka a kwana ɗaya. Sai wanda ya koyi cewa aikin daɗi gare shi ne zai yi wa mara ƙarfi biyayya.

Duk da wannan tsantseni, wajen rabin karnukan ba sa kammalawa. Wani tsawa ke razana shi, wani ba ya iya ganin kyanwa ya ƙyale, wani hoton ƙashi ya nuna ƙugunsa ba zai ɗauki aiki ba. Waɗannan sai a ba su wani aikin, ko a bayar da su kiwo. Shi ya sa idan aka haɗa lissafi, kare ɗaya da ya kai ga mai shi yakan ci wajen dala 50,000, ya yi aiki shekara takwas zuwa goma. Canine Companions kyauta take bayarwa, masu ba da gudummawa ke biya, kuma mai nema yakan jira shekara ɗaya, biyu, ko fiye.

Bayarwar ma ba miƙa igiya ba ce a ce sauka lafiya. Ana duba mutumin kamar yadda aka duba karen: ƙarfin hannunsa, yanayin gidansa, mai yawan fita ne ko mai zaman gida, wa zai ciyar da karen ran da ya kwanta ciwo. Mai sanyin hali ba a haɗa shi da kare mai rawar kai. Sai a kira su makaranta su yi mako biyu tare, a nan mutum ne ɗalibi, karen ya riga ya iya. Bayan sun koma gida kuma ana bibiya, don kare yakan manta abin da aka daina tambayarsa, kuma jikin mai shi yakan canza. Doka ma ta tsaya musu. A ƙarƙashin dokar naƙasassu ta Amurka ta 1990, mai shago ko mai otal ba shi da ikon hana irin wannan kare shiga, tambaya biyu kawai aka yarje masa: shin saboda lalura ake tafe da shi, kuma wane aiki aka koya masa.

Abin da littattafanmu suka ce

Na san tambayar da ke bakin mai karatu tun shafin farko: kare fa, a gidan Musulmi? Tambaya ce ta gaskiya, kuma amsarta tana cikin littattafan da ake karantawa a zaurukan Gusau da Tsafe, a ƙasar da 'Yandoto ta yi suna da malamai tun kafin jihadi.

A mazhabar Malikiyya, wadda a kanta aka gina karatun ƙasar Hausa, duk abu mai rai mai tsarki ne, haka guminsa da yawunsa da hawayensa, kuma ba a cire kare ba. Wannan yana cikin Muhtasar na Shehu Halil. Umarnin wanke ƙwaryar da kare ya yi lallagi a ciki sau bakwai, malaman Malikiyya sun ɗauke shi a matsayin bauta da bin umarni, ba hujjar cewa yawun najasa ne ba. Shafi'iyya da Hambaliyya sun saɓa, a wurinsu najasa ce mai kauri, kuma da yawa daga abin da mutanenmu ke ji a yau ta wannan ɓangaren ya zo. Aya ta huɗu a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da dabbar farauta da aka koyar ta kamo, malaman fiƙihu kuma suka bayyana koyayyen kare da cewa shi ne wanda in an tura shi zai tafi, in an tsawata masa zai tsaya. Wato shari'a da kanta ta raba karen da aka horar da wanda ba a horar ba.

Gaskiya ne hadisi ya inganta cewa wanda ya ajiye kare ladansa na raguwa kullum, sai dai in na farauta ne, ko na kiwo, ko na gona. Gaskiya ne kuma akwai hadisin da ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare. Ba wanda zai tsallake waɗannan. Amma malamai sun tattauna ko ukun nan su kaɗai aka yarda da su, ko kuwa misalai ne na buƙata. Ibn Abdil Barr, babban malamin Malikiyya na Andalus, ya tafi a kan cewa izinin ya haɗa duk wani amfani da tunkuɗe cuta idan mutum ya buƙata. Masu sharhin Risala kuma sun kawo labarin mawallafinta, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996: katangar gidansa ta faɗi a zamanin rashin tsaro, sai ya ajiye kare. Aka tuna masa cewa Imamu Malik ya karhanta haka, ya amsa cewa da Malik ya riski wannan zamani, zaki zai ajiye. Mutumin Zamfara na yau ba ya buƙatar a fassara masa wannan magana. In an yarje wa mai garke ya ajiye kare don tumakinsa, ina ganin mai neman wanda zai miƙo masa sandarsa ya fi cancanta a duba lamarinsa. Fatawa ta malamai ce, amma sai an kai musu tambayar yadda take, an nuna musu aikin da ido, ba a ce musu kawai wani na son zama da kare ba.

An taɓa yin haka a wani wuri. A 2008, a birnin Leicester na Ingila, wani saurayi makaho Musulmi ya samu kare mai jagora mai suna Vargo, yana kuma son zuwa jam'i shi kaɗai. Ƙungiyar horar da karnukan ta zauna da shugabannin Musulmi, majalisar malaman shari'a ta ƙasar ta ba da fatawa, masallacin ya keɓe wa karen wurin kwanciya daga bakin shiga. Karen ya kai shi ƙofa ya jira, shi ya shiga sahu. Tsarin gidan Bahaushe ma ya fi na Bature sauƙin wannan. Muna da zaure, muna da tsakar gida, rayuwarmu a waje take. Kare na iya kwana a bakin ƙofar ɗaki yana jin kira ba tare da ya taka shimfiɗar salla ba. Abin da zai riƙa ɗauka kuma, baduku na iya ɗinka masa maɗauki na fata: a jikin sanda, a jakar waya, a wuyan buta, bakinsa ya tsaya a kan fatar. Allo da carbi da kwanon abinci ba aikinsa ba ne.

Inda gizo ke saƙa

Addini ba shi ne babban shingen ba. Kuɗi ne, da ƙasa, da cuta. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2022 ya ce mutum kusan biliyan ɗaya a duniya ba su samun kayan taimakon da suke buƙata, irin su keke da tabarau da na'urar ji, kuma a wasu ƙasashe matalauta kashi 3 cikin 100 ne kawai ke samu. Kuɗin kare ɗaya na Santa Rosa zai sa maƙeran walda su ƙera wa ɗaruruwan mutane keken guragu mai tuƙin hannu. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen gwamnati shekara biyar su yi hanyar da keke zai hau. Wa'adin ya cika, matakala na nan a inda take a wurare da yawa. Duk wanda ya zo Mada da maganar shigo da Labrador alhali gurgu na jan gindi a ƙasa ya fara daga ƙarshe.

Ko an kawo shi kyauta, Labrador kare ne mai kaurin gashi da kakanninsa suka yi iyo a ruwan sanyin Kanada. Zafin bazararmu da ke haura digiri 40, da kaska, da abincin da zai ci a gidan da ake auna hatsi da tiya, kowanne ya isa ya kayar da shi. Jan keke kuwa a daɓe ake yinsa, ba a yashi da kwazazzabo ba. Sai babbar magana, ciwon haukan kare, wanda ke kashe mutum kusan 59,000 a duniya kowace shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta cizon kare. Tsoron da iyaye mata ke yi wa kare ba jahilci ba ne, gado ne na abin da aka gani. Allurar rigakafinsa tana nan, Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom ta daɗe tana yin ta, kuma ba kare da ya kamata ya kusanci mara ƙarfi sai da takardar allura a hannu.

Akwai kuma idon jama'a. Wani bincike da aka yi a Kalifoniya a 1988 ya gano cewa masu keken guragu da ke tafe da kare sun fi samun murmushi da gaisuwa daga masu wucewa. A kasuwar Mada akasin haka ake tsoro: a dare masa, a hana shi kusantar tire, yara su biyo karen da jifa. Jifa ɗaya na iya rushe horon wata shida. Har haushi ma kaifi biyu gare shi a ƙauyen da ake kai wa hari, yana iya ta da mutane da wuri, yana iya tona inda aka ɓoye wanda ba ya iya gudu.

To me ya rage? Abin da ya rage ba kaɗan ba ne. Karen gida, wanda ya saba da ranarmu da tuwonmu, ba zai ja keke ba, bai kuma kai girman da za a dafa shi a miƙe ba, ɗora masa nauyin mutum zalunci ne. Amma umarni arba'in na mai firiji da na'urar hawa bene ne. Mutumin Mada uku yake buƙata: ɗauko, kawo, je ka kira. Na ukun ya fi yadda ake zato muhimmanci. A watan Satumba na 2021, da aka rufe layukan waya a faɗin Zamfara, duk wanda ya faɗi a banɗaki ko a bayan gida ba shi da abin kira sai muryarsa. Kare da ya san sunan mutum biyu a gida, ya san ya je ya tsaya gabansu ya yi haushi har su biyo shi, ba ruwansa da sabis.

Masu koyarwar ma akwai su. Mafarautan da daji ya gagara suna zaune da iliminsu. Buzaye a kwarin Azawak, arewa da Tawa, sun san darajar kare. 'Yan sanda da hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA suna da ma'aikatan da suka koyi horo na zamani don karnukan shinshina. Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato da ta Ahmadu Bello a Zariya suna da tsangayar likitancin dabbobi. A Amurka tun 1981, da shawarar wata mai hidimar coci, Pauline Quinn, aka fara ba fursunoni mata a jihar Washington karnuka su horar wa naƙasassu, don mai zaman kaso yana da abin da horo ya fi buƙata, wato lokaci. Abin da mafarauci zai ƙara koya shi ne ajiye bulala, da zaɓen kwikwiyo mai sanyi maimakon mai zafin nama, da sa shi a hannun mutane tun idonsa bai gama buɗewa ba. Wanda zai faɗi aikin da ake so kuma ba likita ba ne, ba mai horo ba. Sarkin guragu da jama'arsa su ne suka san abin da ke faɗuwa da inda yake faɗuwa, kuma in wani ya ce shi ba ya son kare ko kusa, maganarsa ta zauna.

Ga irin wannan mutum, da ma ga mafi yawan mutanen karkara, dabbar da Bonnie Bergin ta fara gani tana nan ɗaure a turke. Jaki ba shi da gardamar fiƙihu, ba a jifansa a kasuwa, kara da harawa da dusa sun ishe shi, yana iya shekara ashirin da biyar ko fiye, ninki biyu na kare. Gajere ne, mai ƙarfin hannu na iya hawansa daga kan dakali. Yashin da ke kafe keke shi hanyarsa ce, ya kuma san gida ko an sake masa linzami. Amurkawa da kansu, da suka gyara ƙa'idojin dokarsu a 2010, sun bar ƙofa ga ƙananan dawaki da aka horar. Naƙasassunmu sun daɗe suna hawan jaki, abin da ba a yi ba shi ne a horar da shi musamman dominsu, da irin matakan nan na loma da haƙuri: ya matso jikin dakali in an kira shi, ya tsaya cak har a gama hawa a gyara ƙafa, kada ya zabura in babur ya wuce, ya tsaya nan take in ya ji nauyi ya karkace. A yi masa akumari mai majingina da maɗauri, ko ƙaramar amalanke mai ƙasa-ƙasa wadda za a shiga ba sai an ɗaga mutum ba.

Sai dai jakin ma yanzu nema yake ya fi ƙarfin talaka. Shekaru ke nan ana kwasar jakuna daga kasuwannin Arewa da na Nijar ana yankawa, ana fitar da fatun zuwa Sin, inda ake dafa su a yi wani maganin gargajiya. Jaka kuwa wata goma sha biyu take ɗauke da ciki ta haifi ɗa ɗaya, ba ta iya mayar da gurbin abin da ake yankawa. Nijar ta hana fitar da jakuna tun 2016, Tarayyar Afirka kuma ta amince da haramta yanka su don fata a taronta na Addis Ababa a Fabrairun 2024. Kafin hanin ya sauko daga takarda ya iso kara, duk mai neman ɗan jakin da zai horar wa gurgu sai ya yi tayi kafaɗa da kafaɗa da dillalin fata.